Wata uku ina zana fuska kullum, har yanzu ba ta kama da mai ita

Ɗan Sabil, Jidda:

Assalamu alaikum, manyanmu da ke wannan zaure. Yau wata uku ke nan ban yi fashi ba. Kullum bayan isha'i nakan zauna in zana fuska ɗaya daga hoton waya, awa biyu zuwa uku. Kayan aikina fensir HB da 2B (alamun laushin bakin fensir ne, yawan lambar B yawan duhu), takardar A4 ta firinta, sai magogi. Da ido nake farawa, in gama shi tsaf har gashinsa, in yi ɗayan, in sauko hanci da baki, a ƙarshe in kewaye su da kai.

Abu uku ke damuna. Zanen yakan yi kyau amma ba ya kama da mai shi, sai na faɗi suna ake ganewa. Sannan da zarar mutum ya ɗan juya kai, komai ya rikice, idon da ke can nesa ya fito kamar zai zame daga fuskar. Na ukun baƙar fata ce: in na danna fensir takardar ta yi ta sheƙi kamar kwanon silba, in ban danna ba mutumin ya fito fari fat. Na ajiye zanen farko kusa da na jiya, in ban da inuwa da ta ɗan yi laushi kusan duk ɗaya ne. Me ya kamata in canza a zaman da nake yi? Batun hukuncin zana mai rai na riga na kai shi gaban malamina, ba shi na kawo nan ba.

Kawu Mai Gawayi, Makka:

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ɗana. Wata uku ba fashi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kana fara ginin daga taga. Ido yana zaune cikin kwarmi, kwarmin yana cikin ƙashi, kai kuma kana gama ido tun ba ka san inda ƙashin yake ba. Kan da ka bari sai ƙarshe dole ya bi abin da ya tarar, ko ya matse ko ya buɗe.

Kamanni ba a gashin ido yake ba. Dubi yadda kake gane ɗan'uwanka daga nesa cikin masu fitowa daga masallaci, tun ba ka ga ƙwayar idonsa ba. Abin da idonka ya kama shi ne siffar kai, faɗin goshi, tsawon haɓa, da inda duhu ya taru a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci. To da su za ka fara.

Zana da'ira, ka ɗauke ta ƙwallo ce. Kan mutum ba kewayayye ba ne ta gefe, don haka sai ka sare gefenta biyu kamar an yanki kankana. Wurin da ka sare zai ba ka ƙaramar da'ira, tsayinta wajen kashi biyu cikin uku na babbar. Raba ƙaramar gida huɗu da layi biyu. Layin kwance, in ka zagayo da shi gaban ƙwallon, shi ne layin gira. Saman ƙaramar da'irar ya ba ka inda gashi ya fara, ƙasanta ya ba ka gindin hanci. Ɗauki wannan tazarar ka ƙara ta ƙasa sau ɗaya, ka sami haɓa. Kunne yana zama a kashin baya na ƙasa cikin huɗun nan. Sai layin tsakiya da ya sauko daga goshi zuwa haɓa, sai muƙamuƙi daga gaban kunne. Masu zane suna kiran wannan hanyar Loomis, sunan wani mai zane ɗan Amurka da ya rasu a 1959. In ka nemi sunan za ka ga yadda ake yi da ido.

Awon da ya kamata ka haddace kaɗan ne. A babban mutum ido yana tsakiyar kai, wato daga tsakar kai zuwa haɓa. Nan masu koyo suka fi faɗuwa: suna ɗaga ido sama domin a ransu goshi da gashi ba fuska ba ne, sai kan ya fito kamar an danne shi. Tsakanin ido biyu faɗin ido ɗaya ne, faɗin kai ta gaba kusan ido biyar. Gefen leɓen ƙasa yana wajen rabin tazarar hanci da haɓa. Kunne daga gira zuwa gindin hanci. Ta gefe kuma, daga goshi zuwa ƙeya ya kusa kai tsayin kan gaba ɗaya, kada ka yanke wa mutum ƙeya.

Amma ka ji wannan da kyau: awon nan ma'auni ne kawai, babu wanda aka halitta daidai da shi. Kamanni yana nan a inda mutum ya saɓa wa ma'aunin. Wani hancinsa gajere ne haɓarsa doguwa, wani goshinsa ya cinye rabin fuskar. Idan ka zana ma'aunin ka bar mutumin, za ka sami kyakkyawar fuska da ba ta kowa ba, kuma ina zaton abin da ke faruwa da kai ke nan ta wata hanyar. Maganinsa awo da fensir. Miƙe hannu gaba ɗaya, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, rufe ido ɗaya, sa tsinin fensir a gira, ka zame babban yatsa zuwa gindin hanci. Wannan ne mudunka. Da shi za ka auna goshi, haɓa, faɗin kumatu, tazarar ido da kunne. In gwiwar ta lanƙwashe ko ka gyara zama, mudun ya canza, awon duk ya ɓaci.

Zaman awa uku ɗin nan kuma ka rage shi, ka sake masa tsari. Minti 10 na farko da'ira da dogayen layuka, da motsin kafaɗa, ba na wuyan hannu ba. Minti 20 kawuna goma, kowanne minti 2, tsayinsa santimita 5 ko 6: ƙwallo, layin gira, layin tsakiya, muƙamuƙi, kunne, wuya. Ba ido, ba baki, ba inuwa, ba magogi. Wasu suna kallon sama, wasu ƙasa, wasu gefe. Minti 20 ka kama gaɓa ɗaya, hanci misali, ka yi mako guda a kansa kafin ka koma wata. Minti 25 na ƙarshe fuska ɗaya cikakkiya, agogo na bugawa ka ajiye fensir ko ba ka gama ba. Doguwar fuskar awa uku ka bar ta ranar Juma'a kaɗai. A wata ukun nan ka gina kai wajen 90. Da wannan tsarin za ka gina 300 a wata ɗaya.

Ɗan Sabil, Jidda:

Na gode ƙwarai, Kawu, Allah ya ƙara girma. Na ɗauko zanuka biyar na auna, duk cikinsu idon ya haura tsakiya. To juyin kai fa? Kuma wani ya ce in ja layukan murabba'i a kan hoto da takarda in riƙa kwafa gida-gida, wai kamanni zai fito. In yi?

Mai Allo, Jidda:

Ƙanena, bari in ɗauki juyin kai, Kawu ya huta. Idan kai ya juya, layin tsakiya ba ya nan a tsakiyar takarda, yana matsawa ɓangaren da mutum ya juya, kuma yana lanƙwasa da ƙwallon. Rabin fuskar da ke nesa yana matsewa. Idon nesa tsayinsa ɗaya da na kusa, faɗinsa ne ke raguwa, kuma karan hanci yakan rufe lungunsa na ciki. Kai kana zana shi cikakke domin ka san ido biyu girmansu ɗaya ne, to babu masa wuri, shi ya sa yake zamewa waje. Baki ma haka: leɓe yana naɗe da haƙora kamar yadda takarda ke naɗe da gwangwanin madara, rabin nesa gajere ne sosai. Layin gira, na ido, na gindin hanci da na baki kuma dole su karkata tare. Ɗaya ya saɓa, fuskar ta murguɗe.

Ga wata alama mai sauƙi, kunne. Mutum ya ɗaga kai, kunne ya sauka ƙasa da layin ido, ƙofofin hanci su bayyana, goshi ya gajarta. Ya sunkuya, kunne ya hau sama, hanci ya sauko kan leɓe. Ka sa kunne daidai, rabin aikin ya ƙare.

Shi kansa idon da kake so, ƙwallo ne mai faɗin kusan milimita 24, baƙinsa kusan 12. Fatar ido ta sama tana rufe saman baƙin, tana da kauri, tana kuma jefa inuwa a kan ƙwallon. In ka zana baƙin ido cikakkiyar da'ira, mutum zai fito a firgice. Kada ka kewaye ido da layi mai kauri ɗaya kamar kwalli. Na sama ya yi duhu, na ƙasa ya kusa ɓacewa.

Layukan murabba'i kuwa, ni ban ba ka shawara ba a yanzu. Kamanni zai fito, gaskiya ne, amma layukan ne suka yi awon, ba idonka ba. Ranar da aka zaunar maka da mutum ba ka da inda za ka ja su.

Hoton waya ma yana da tarko. Wanda aka ɗauka da kyamarar gaba, hannu a miƙe, yana kumbura hanci ya ƙanƙance kunne domin wayar ta yi kusa da fuska. Ka kwafe shi daidai ma 'yan gida za su ce ba shi ba ne. A ja baya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a janyo hoton. Wanda ya fi duka shi ne mutum a zaune gabanka. Ƙaninka in ya kama waya zai yi minti 15 bai motsa ba, ga kai a sunkuye kyauta. In ba kowa, madubi. Amma kada ka ɗauki hoton mutane a kasuwa ko a bakin teku ba da izininsu ba. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan Saudiyya, ta 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Ka tsaya ga 'yan gida da abokai da suka yarda.

Abu ɗaya da ya shafi mutanenmu: hula, rawani, shimag (ƙyallen da mazan Larabawa ke yafawa a kai), mayafi. Zana ƙoƙon kai cikakke tukuna, sannan ka ɗora su. In ka fara da hular, za ta zauna a inda ƙwaƙwalwa ya kamata ta kasance. Tsagar fuskar dattawanmu kuma ba miƙaƙƙen layi ba ce, tana bin tudun kumatu, gefe ɗaya duhu gefe ɗaya ɗan haske. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kada ka share masa ita don fuskar ta yi sumul.

Yaya Ta Madina:

Babu wanda ya taɓa maganar baƙar fata, ita kuwa tana da muhimmanci tunda mutanenmu za ka fi zanawa. Sheƙin da kake gani ba laifinka ba ne kaɗai. Bakin fensir ɓarɓashi ne masu faɗi, in ka danna sai su kwanta su lafe, su toshe ramukan takarda, su zama kamar madubi. Daga nan ko me ka ƙara ba zai kama ba. Kuma 2B ba zai taɓa ba ka duhun da kake nema ba, ko ka huda takardar.

Ka nemi 4B da 6B, fensirin gawayi ɗaya, da magogin nan mai laushi da ake murzawa kamar ƙullu. Kantin littattafai na Jarir na da su, yawancin manyan maktaba ma haka. Fiƙe fensir da reza, bakin ya fito kamar santimita ɗaya, ka riƙe shi daga baya, ka shafa da gefensa ba da tsini ba. Duhu shimfiɗa-shimfiɗa ake gina shi: HB a hankali a duk fatar, 2B a kai, 4B inda inuwa take, 6B a lunguna. Wuraren da suka fi duhu, ɗigon tsakiyar ido, ƙofar hanci, layin tsakanin leɓɓa, gashi, ka sa gawayi domin shi ba ya sheƙi. Amma ka sa shi da farko. Gawayi ba ya kama kan fensir, zamewa yake yi.

Takardar firinta giram 80 ce a awon nauyin takarda, kuma sumul take. Ta ishe ka kawunan minti 2 da Kawu ya ce, kada ka ɓata takarda mai tsada a kansu. Na ranar Juma'a ka nemi giram 120 zuwa 160 mai ɗan kaushi.

Kafin ka taɓa fuska, ja akwati biyar a gefen takarda, na 1 farin takarda, na 5 iyakar duhun da kake iya samu, sauran ukun a tsakani. Baƙar fata yawancinta tana zaune a 3 da 4, ba a 5 ba. Abin da ke sa ta rayu shi ne ƙyallin da ke goshi, karan hanci, tudun kumatu da leɓen ƙasa. A fatarmu ƙyallin nan yana fitowa sarai, da iyaka a fili, fiye da yadda yake a farar fata. Kada ka bar masa farin takarda tun farko. Shafe wurin da HB, daga baya ka murza magogin ya yi tsini ka ɗan dangwala, ka ɗaga. Haka nan a gefen inuwa, wajen muƙamuƙi, akwai ɗan hasken da ke dawowa daga riga ko bango. Yana nan, amma bai kai hasken ɓangaren fitila ba. In ka yi shi da yawa fuskar za ta baje. Farin ido da haƙora ba 1 ba ne, 2 ne, kuma kada ka ja layi tsakanin kowane haƙori.

Ka riƙa lumshe ido kana kallon hoton har ƙananan abubuwa su ɓace, saura duhu da haske. Raba fuskar gida biyu kawai, cika gefen duhu da launi ɗaya, ka ja baya ka duba. In kamanni bai fito a nan ba, ba zai fito da gashin ido ba. Wannan yana buƙatar haske daga gefe ɗaya: kashe fitilar ɗaki, ajiye ƙaramar fitila sama da kan mutumin, ɗan gaba da gefe. Hoton da aka ɗauka da filas babu inuwa a cikinsa, bar shi.

Yatsa kuma a cire shi daga aikin. Akwai maiƙo a jikinsa, ga gumin Jidda, zai bar tabon da magogi ba ya ɗagawa. Murza da naɗaɗɗiyar takarda ko tishu, shi ma kaɗan, domin yawan murza yana mai da fata kamar roba. Sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka. Danshin garinku yana sa takarda ta yi kumbo-kumbo, don haka ka adana zanuka a kwance cikin fayil, nesa da bakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Na gawayi sai an fesa masa maganin riƙe zane daga nisan santimita 30, fesa biyu marasa kauri, a waje. Feshin gyaran gashi da wasu ke amfani da shi a madadinsa yana sa takarda ta yi rawaya bayan an daɗe.

In ka sami ambulan mai ruwan ƙasa, gwada a kai da gawayi da farin fensir. Takardar ce za ta zama launin fatar, kai duhu da ƙyalli kawai za ka ƙara. Kuma tunda kana Jidda, gidan zanen marigayiya Safiyya Binzagr, wadda ta rasu a 2024, yana garinku. Ta yi aiki sosai a kan mutanen Hijaz da suturarsu. Ka bincika lokacin buɗewa, ka je ka ga yadda mayafi ke zama a kan kai.

Kawu Mai Gawayi, Makka:

Na yarda da Mai Allo a kan murabba'i, da gyara ɗaya. Kada ka yi zane da shi, amma ka yi bincike da irinsa bayan ka gama. Buga hoton a takarda, ka zana naka da ido, girmansu ɗaya. Sai ka ɗora takardar kwafi mai shara-shara a kan hoton, ka bi iyakar kai, gira, ido, hanci, baki da jan biro. Ɗora ta a kan zanenka, ka manna su a gilashin taga da rana. Duk inda jan layi ya rabu da naka, auna da rula ka rubuta a bayan takardar: ido ya hau milimita kaza, haɓa ta gajarta kaza. Kuskure uku mafi girma kawai. Su ne aikin minti 20 na mako mai zuwa. Ka kuma riƙa nuna wa madubi zanenka tun yana layuka. Karkatar da ido ya saba da ita nan take take fitowa.

Don ka san ko kana gaba, zaɓi hoto ɗaya, ka zana shi ranar 1 ga kowane wata cikin minti 30, ba ka duba na baya ba. Rubuta kwanan wata a kowace takarda, kada ka yaga ko ɗaya. Akwai lokacin da za ka ga kamar ka koma baya. Yawanci ido ne ya riga hannu, ya fara ganin kuskuren da da ba ya gani.

Ɗan Sabil, Jidda:

Allah ya saka muku da alheri, Kawu, Yaya, da Malam Mai Allo. Na yi gwajin taga yau da hoton gefe, tsayin kan santimita 15. Ido ya hau milimita 7, ƙeya ta gaza da kusan santimita 2, kunne kuma ya matso gaba. Da wanne zan fara?

Kawu Mai Gawayi, Makka:

Da ƙeya. Ita ta janyo kunnen gaba, domin ka rage masa wurin zama a baya. Mako guda kawunanka goma duk su zama na gefe. Ja murabba'i tukuna, ka cika shi daga goshi zuwa ƙeya, ka raba shi biyu a tsaye, kunne ya zauna daf da bayan layin. Wuya kuma ya fito a karkace daga gindin ƙeya, ba a tsaye kamar turmi ba. Layin ido ka ja shi a tsakiyar murabba'in kafin komai. Ranar Juma'a ka sake gwajin taga da wannan hoton, ka kawo mana lambobin.